Tambaya da Amsa: Daga Ɗaukar Faranti Zuwa Riƙe Makullin Sito

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda mutum zai zama sufabaiza a gidan abinci, da abin da zai tarar idan ya zama. Masu koyar da aikin otal da masu kula da gidajen abinci ne suka amsa. An taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina aikin kai wa baƙi abinci a wani gidan abinci. Na gama sakandare amma ban ci gaba ba. Duk lokacin da ake neman sufabaiza daga waje ake ɗauko shi, mu kuwa muna nan jiya-i-yau. In ajiye aikin in koma makaranta, ko in ci gaba da haƙuri? — Wani matashi daga Fagge, Kano

Wa alaikumus salam. Kada ka ajiye aikin, ɗan'uwa, amma kuma haƙuri kaɗai ba zai ɗaga ka ba. Abin da ya sa maigidan ke ɗauko mutum daga waje shi ne bai taɓa ganinka da littafi da biro ba. Ya san kana da sauri, ya san kana da fara'a, to wannan shi ya sa ma ba ya son ya cire ka daga wurin da kake. Sufabaiza kuwa ba don ya fi kowa iya ɗaukar tire ake naɗa shi ba. Shi ne wanda za a tambaya da safe: kaji nawa suka kwana a firiza, wa bai zo aiki ba, me ya sa kuɗin da ke aljihun tebur bai yi daidai da takardun oda ba. Duk wanda zai iya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya riga ya kama rabin aikin.

Don haka ka fara da neman a zagaya da kai. Ka roƙi manaja ya bar ka ka yi mako biyu ko uku a gefen kashiya, ka ga yadda ake buɗe ciniki da kuɗin canji da yadda ake rufe shi. Ka yi kamar haka a sito ranar da ake karɓar kaya, sannan ka tsaya a bakin tagar da abinci ke fitowa daga kicin a lokacin cunkoso, wato tsakanin azahar da la'asar, da kuma bayan magariba. A wannan tagar ake gane wanda zai iya shugabanci, domin nan ne oda ke cakuɗewa, kuku na faɗa, baƙo na ƙorafi. Aikin da kowa ke gudu, ƙidayar kaya ta ƙarshen mako da rufe shago da dare, kai ka ce a ba ka. Ka koyi manhajar lissafi ta Excel ko da a waya ne: tarawa, ɗebewa, da fitar da kaso cikin ɗari sun ishe ka farawa.

Takarda kuma tana da amfani, musamman ranar da za ka nemi aiki a wurin da ba a san ka ba. Akwai hanyoyin samunta ba tare da barin aiki ba. Cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda nan jihar Kano, kuma tana gudanar da gajerun kwasa-kwasai da na difloma a fannin girki da hidimar baƙi. Akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, NSQ, ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wanda aka gina shi don irinku: mai tantancewa yana duba abin da ka iya a bakin aiki, ka tara hujjoji, a ba ka shaida gwargwadon matakin da ka kai, kuma ana lissafa ƙwarewar da ka samu tun kafin ka yi rajista. Akwai jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Idan kuma kiredit ɗinka bai cika ba, hukumar shirya jarrabawar sana'a da fasaha, NABTEB, na da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, har da darasin girki a ciki.

Abin da ba mu ba ka shawara ba shi ne kwas ɗin mako biyu da ake tallatawa a Facebook da hoton rigar yaye ɗalibai. Manajan da ya san aiki tambaya biyu zai yi maka ya ajiye takardar gefe.

Bayan wata shida kana haka, ka nemi zama da maigidan, ka je da littafin ƙidayarka, ka ce a gwada ka da riƙe aikin yamma na wata ɗaya. Idan ya ƙi kuma bai kawo dalili ba, lokacin ne za ka fara duba wani wuri, kuma a lokacin kana da abin nunawa.

'Yata ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta nace sai karatun kula da otal da gidan abinci. Ni kuma ina ganin me zai kai mutum babbar makaranta don ya koyi dafa shinkafa? Ku fahimtar da ni abin da ake koyarwa, da inda karatun ke kai mutum. — Wani uba daga Zariya

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Girki yana ciki, amma kashi ɗaya ne. Ɗalibin wannan fanni yana karanta lissafin kuɗi, da yadda ake fitar da farashin kowane faranti, da kimiyyar abinci mai gina jiki, da ilimin ƙwayoyin cuta da tsaftar abinci, da sayen kaya da adana su, da kula da ma'aikata, da karɓar baƙi da kula da ɗakuna. A makarantu da dama har ɗan Faransanci ake haɗa musu, saboda yawancin kalmomin babban kicin daga can suka fito.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta kwalejojin kimiyya da fasaha. Kusa da ku akwai ta Kaduna, wadda ta daɗe da wannan sashe, akwai kuma ta Tarayya da ke Bauchi. Ana shiga ta jarrabawar JAMB, da kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da Lissafi. Galibi ana neman darussan kimiyya irin su Bayoloji da Kemistiri, amma ku duba kundin JAMB na shekarar domin makarantu kan ɗan bambanta. Ƙaramar difloma, ND, shekara biyu ce. A ƙarshen shekarar farko akwai SIWES, horon wata huɗu a wurin aiki na gaske, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ke kula da shi. Bayan ND sai shekara guda ta aiki, sannan babbar difloma, HND, wadda ita ma shekara biyu ce. Wasu jami'o'i kuma suna ba da digiri a fannin. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar NBTE ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar; amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Ku kuma ware kuɗin kayan aiki: farar riga da hula, takalmi mai rufin gaba wanda ba ya santsi, wuƙaƙe, da kayan girkin gwaji, domin sau da yawa ɗalibai ke haɗa kuɗinsu.

Wata huɗun SIWES da shekarar nan ta tsakiya su ne ainihin jarin. Yara da yawa kan nemi inda za a sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta. Wadda ta yi haka za ta fito da HND ba ta taɓa tsayuwar awa takwas ba. Ta nemi wurin da ake ciniki sosai, ko da ba za a ba ta komai ba sai kuɗin mota.

Kada kuma ta zaci da takardar za a miƙa mata kujerar manaja. Kamfanoni masu rassa da yawa, irin su Chicken Republic da Kilimanjaro, sukan ɗauki masu HND ko digiri su horar da su, amma sai sun yi suya da shara da kashiya kafin a ba su riƙon ma'aikata. Daga sufabaiza ake zuwa mataimakin manaja, sai manajan reshe, sai mai kula da rassan yanki.

Mun san akwai abin da ke ranka da ba ka rubuta ba, wato tashin dare da sutura. Rufe gashi doka ce a kowane kicin, don haka ɗankwali ko ƙaramin hijabi ba matsala ba ne, sai dai a soke shi cikin riga, kuma ya zama na auduga, domin yadin roba yana narkewa ya manne a fata idan wuta ta lashe shi. Kuma ba otal kaɗai ke neman masu wannan karatu ba: akwai kicin na asibitoci, da makarantun kwana, da kantin cin abinci na kamfanoni, da masu kwangilar abincin biki da taro, kuma da yawansu aikin rana ne.

Wata biyu ke nan da aka ba ni sufabaiza. Ciniki yana tafiya, amma duk ƙarshen wata Hajiya mai gidan sai ta ce ba ta ga riba ba, har ta fara yi mini wani irin kallo. Wallahi ban taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Ta ina zan fara? — Wata 'yar'uwa daga Gombe

Malama, mun yarda ba ki ɗauka ba, amma rantsuwa ba ta wanke sufabaiza, lissafi ke wanke shi. Kuma ki daina jiran ƙarshen wata. Wata ya yi tsawo, kafin ki gano ɓarakar an riga an yi asarar. Mako-mako za ki riƙa yi, rana ɗaya, lokaci ɗaya, bayan an rufe ko kafin a buɗe.

Lissafin kansa ba wuya. Kuɗin kayan da ke sito a farkon mako, ki haɗa da na kayan da aka sayo cikin makon, ki ɗebe na abin da ya rage a ƙarshe. Abin da ya fito shi ne kayan da aka ci. Misali: kin buɗe da kayan naira 400,000, an sayo na 1,100,000, ya rage na 350,000, an ci na 1,150,000 ke nan. Idan cinikin makon 3,000,000 ne, kayan abinci sun cinye kashi 38 cikin ɗari da ɗoriya. A makarantun otal akan koyar da cewa wannan kaso ya tsaya wajen 30 zuwa 35, ko da yake gidan tuwo da gidan gasa kaza ba za su zo ɗaya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki san naku. Ki zauna da kuku ku auna duk abin da ke shiga tukunyar dafa-duka guda, shinkafa da mai da tumatir da albasa da magi, ku ƙirga faranti nawa ta bayar. Idan wannan awon ya nuna kashi 33 ya kamata a ci, ke kuma kina ganin 38, to akwai naira 160,000 da ke zurarewa duk mako, kuma yanzu kin san girman abin da kike nema.

Mutane kan fara zargin sata, alhali ludayi ya fi ɓarawo ɓarna. Buhun shinkafa mai kilo 50, idan ana zuba wa kowane faranti abin da ya kai giram 125 na ɗanya, faranti 400 zai bayar. Idan hannun mai zubawa ya ɗan sake ya koma giram 150, faranti 333 za a samu. Faranti 67 sun tafi a buhu ɗaya, ba wanda ya saci komai, kuma ba baƙon da ya yi godiya. Maganinsa kwanon awo guda ɗaya da kowa zai yi amfani da shi, a cika a shafe, a kife a faranti. Haka miya, haka mai.

Nama da kaza da kifi kuwa ƙirga su ake yi, kullum. Kaji 20, kowace yanka 8, yanka 160 ke nan. Da dare takardun oda su nuna an sayar da 141, ma'aikata sun ci 6, uku sun ƙone an rubuta, saura 10 a firij. Idan 4 kika tarar, a daren za ki tambaya, ba ranar lissafin mako ba. Naman sa kuma ki auna shi sau uku a gwaji ɗaya: yadda ya zo daga mahauta, bayan an cire ƙashi da kitse da jijiya, da bayan ya dahu. Da nauyin ƙarshe ake yanka farashi, ba da na farko ba. Gidajen abinci da dama a nan suke karyewa ba su sani ba.

Sai ƙofar shigowar kaya. Wanda ya je kasuwa kada ya zama shi ne mai karɓa. A sayi sikeli a ajiye a bakin sito, duk abin da ya shigo a ɗora shi. Mudu da kwano da tiya suna da baki da yawa, na wannan kasuwa ba na waccan ba ne. Kilo kuwa ɗaya ne ko'ina. Jarkar mai a duba hatiminta. Sabon kaya ya koma baya, tsoho ya dawo gaba, a rubuta kwanan wata a jiki. Makullin sito mutum ɗaya, kuma ba abin da zai fita sai da takardar buƙata mai sa hannun kuku.

Tsakanin kicin da tebur doka ɗaya ce: ba takarda, ba abinci. Idan ba ku da kwamfutar ciniki, ku sayi littafin oda mai lamba mai kwafi uku, ɗaya kicin, ɗaya kashiya, ɗaya ya zauna a littafin. Da dare a haɗa na kicin da na kashiya. Duk lambar da ta ɓace, abinci ne ya fita ba kuɗi. Odar da aka soke sai da sa hannunki da dalili. Kuɗin da aka turo ta banki kuma ba a yarda da hoton da baƙo ya nuna a wayarsa, ko saƙon tes. Sai an gani a asusun gidan. Tsabar kuɗi, da takardar na'urar POS, da abin da ya shiga asusu, ukun nan su haɗu su ba da jimillar cinikin ranar.

Akwai wata ƙofar da ke da wuyar faɗa. Abincin da ake aika wa gidan Hajiya, da na ƙawayenta, da kular da direba ke zuwa ɗauka, duk ki buɗe musu shafi ki riƙa rubutawa da farashinsu. Ba don ki hana ba, kayanta ne. Amma ranar da aka zauna lissafi, shafin zai yi magana a madadinki cikin ladabi. Ki kuma nuna mata kuɗin gas da dizal da albashi daban, domin wani lokaci kicin lafiya lau yake, janareta ne ke shanye ribar.

An kira ni ganawar neman aikin sufabaiza a wani babban gidan abinci a Abuja. An ce suna yawan tambaya a kan tsaftar abinci. Me ya kamata in riƙe? — Mai karatu daga Suleja

Ka riƙe lambobin, domin su ake tambaya, kuma su ke raba wanda ya sani da mai cewa "za mu kula sosai". Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka firij ya tsaya a 5 ko ƙasa, firiza a 18 ƙasa da sifili, abincin da ke jiran masu saye a riƙe shi sama da 60. Kaza da niƙaƙƙen nama su kai 75 a tsakiyarsu, kuma da ma'aunin zafi mai tsinke ake dubawa, a wuri mafi kauri, ba a jikin ƙashi ba. Shi kansa ma'aunin ana gwada shi a ruwan da aka cika da ƙanƙara. Idan bai nuna sifili ba, ƙarya yake yi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki.

Shinkafa ita ce tarkon da ya fi kama gidajen abincinmu. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa; idan aka bar shinkafar a babbar kula tana hucewa a hankali, sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Shi ya sa mutum zai ci shinkafa mai tururi ya kama amai bayan 'yan awoyi. Wadda za a ajiye a baza ta a faffaɗan tire mara zurfi ta huce da wuri, ta shiga firij, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta.

Za su iya tambayarka: an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, me za ka yi? Ka rubuta lokacin, ka hana buɗe firij. Firij a rufe yakan riƙe sanyi kimanin awa huɗu, cikakken firiza kuma har kwana biyu, amma a zafin Maris da Afrilu kada ka jira ƙarshen wa'adin, ka nemo ƙanƙara. Naman da ya narke ya ɗumama ba a mayar da shi ya sake daskarewa. A cikin firij ɗanyen nama a ƙasa yake zama, dafaffe da salak a sama, don kada jini ya ɗiga. Katakon yanka a raba: ja na ɗanyen nama, shuɗi na kifi, kore na ganye. Ma'aikacin da ke gudawa ko amai ya zauna gida har sai ya yi awa 48 da warkewa, kuma da damina, lokacin da kwalara ke yawo, ruwan wanke latas da kabeji da ruwan ƙanƙara su ne abin sa wa ido. Kowane ma'aikaci ya kasance da takardar gwajin lafiya ta masu taɓa abinci, wadda aka saba sabuntawa duk wata shida. Ita duba-gari ke fara nema idan sun shigo. Idan baƙo ya ce jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ka tuna yajin tsire da ƙuli ake yin sa, kuma man gyaɗa na cikin miya da yawa.

Gas ma yana zuwa a tambaya. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa. Idan an ji wari, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki ko na fanka. Da ruwan sabulu ake neman inda yake tsiyaya, ba da ashana ba. Man suya idan ya kama wuta ba a zuba masa ruwa. A kashe gas, a rufe da murfi ko bargon kashe wuta. Idan ka ji sun ambaci HACCP, tsarin gano matakan da abinci zai iya gurɓata ne, a sa wa kowane mataki iyaka, a riƙa aunawa ana rubutawa. Abin da muka lissafa a sama game da tsaftar abinci shi ne cikinsa.

Shekaruna 26, kuma cikin waɗanda aka ɗora ni a kansu akwai kukun da ya isa ya haife ni. In na yi magana sai ya ce tun ban san ruwa ba yake girki. Ga shi maigida ya ce duk wanda ya fasa faranti in yanke a albashinsa. Yaya zan yi? — Daga Katsina

Gaskiya ya faɗa, ya riga ka sanin tukunya, don haka kada ka yi takara da shi a kan ɗanɗano. Ka gaishe shi da Baba kamar yadda ka saba, ka nemi shawararsa a gaban yara, gyara kuma ka ja shi gefe. Abin da za ka tsaya a kai shi ne abin da ke rubuce: awon faranti, lokacin fitar abinci, takardar sito. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka sa shi cikin rubuta awon. Ka ce, "Baba, so nake a rubuta yadda kake yin miyar nan don ranar hutunka kada yara su ɓata maka suna." Ma'aunin da ya fito daga bakinsa ba zai yi faɗa da shi ba.

Rabin rigimar ma'aikata kuma daga jadawalin aiki take tasowa. Ka manna shi mako guda kafin lokaci. Ka juya ranakun hutu da aikin dare kowa ya ɗanɗana. Ranar Juma'a ka tsara tun safe wa zai tsare wuri lokacin masallaci. Da azumi ciniki kan koma buɗa-baki da sahur, sai ka rage mutane da rana ka tara su daga la'asar, kuma ka ware wa ma'aikata nasu abin shan ruwa kafin cunkoso, in ba haka ba kowa zai ɓace daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Batun yankan albashi, ka yi hattara. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 5, ta hana cire tara daga albashin ma'aikaci. Asarar da ya jawo da gangan ko ta sakaci ana iya cirewa daidai gwargwado, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Dokar ta kuma ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cikin bakwai, da takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, ko da yake bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka kai wa maigida wata mafita: littafin fashe-fashe, a rubuta wa, yaushe, a ina. Sau da yawa za a tarar a wuri ɗaya ake fasawa, bakin wurin wanke-wanke mai santsi ko wata ƙofa da masu shiga da masu fita ke karo. Tabarmar roba ta fi yankan albashi araha. Wanda kuma sunansa ya cika littafin, gargaɗin baki, sai na takarda, sai a kai maganar sama.

Ina son aikin, amma ina tsoron wurin da ake sayar da giya. — Daga Sakkwato

Ka tambaya tun a ganawar farko ko mashaya na ƙarƙashin kulawar sufabaizan ɗakin cin abinci, domin a manyan otal-otal na Abuja da Legas sau da yawa haka ne, har ƙidayar kwalabe. Hukuncin wannan na malamai ne, su za ka tuntuɓa. Ta fuskar sana'a dai, ba ka rasa komai ba idan ka kauce: gidajen abincin Sakkwato da Kano da Katsina, da kantunan kaza da shawarma, da kicin na asibiti da makaranta, duk matakan girma iri ɗaya ne. A makaranta ma ka sani akwai darasin abubuwan sha a manhaja, ka yi magana da shugaban sashe tun farkon zango.

Wani ejan ya ce in kawo kuɗi zai kai ni Jidda da bizar Umara, daga can a sama mini aikin sufabaiza. Shekara huɗu ina wannan aiki a Kaduna. — Daga Tudun Wada

Kada ka ba shi. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki a Saudiyya; wanda ya zauna da ita bayan wa'adi ya zama mai laifi, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba inda zai kai ƙara idan an hana shi albashi, ƙarshenta kamu da tara da kora. Aikin gaskiya da bizar aiki yake zuwa, da kwantiragi mai sunan kamfani, da muƙami, da albashi, da awoyin aiki, da bayanin masauki da tikitin dawowa, kuma ka karanta shi tun kana gida. Ejan ɗin ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka je ofishinsu na jiha ka tabbatar. Idan ya fara maganar zai riƙe fasfo har ka gama biyan bashi, wannan batun NAPTIP ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Ka kuma sani ko ta halastacciyar hanya ka tafi, da wuya a ba baƙo riƙon ma'aikata ranar farko. Akan fara daga hidimar tebur ko kanta, a hau bayan an ga aiki. Abin da ke gaggauta hawan shi ne Ingilishi mai kyau da ɗan Larabcin ciniki, da shaidar horon tsaftar abinci. A Dubai, misali, hukumar birnin ta wajabta wa kowane gidan abinci ya kasance da wanda aka horar aka ba shi shaidar kula da lafiyar abinci, kuma mai irin wannan ilimi shi ake fara dubawa.

Tun yanzu ka karɓi takardar shaidar aiki daga inda kake, a kan takarda mai tambarin gidan. Ta faɗi ranar da ka fara, da muƙamin da ka riƙe, da yawan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, da yawan kujerun wurin, da ayyukan da ke hannunka, wato sito da jadawali da rufe ciniki, sannan lambar wayar ofis da za a kira a tabbatar.